Kafin Ka Danna Fomat

Tunda aka shiga kakar furojet, da wuya mako ya wuce ba a kawo mini filashi ko laftof ba, don kawai an san kwamfuta nake karantawa. Maganar ɗaya ce: "Wallahi jiya babi uku na nan, aka ɗauke wuta, yau babu." Abin da na lura shi ne, ba kasafai ɗaukewar wutar ke cinye aikin mutum ba. Gyaran gaggawa ne ke ƙarasa shi.

Ma'ajiyar kwamfuta kamar laburare take: littattafai na kan kanta, ga kuma rajistar da ke nuna mazaunin kowanne. Idan na'ura ta mutu tana tsakiyar rubutu, galibi rajistar ce ke hargitsewa, littattafan suna nan. Tsarin NTFS na Windows da ext4 na Linux suna rubuta abin da za su yi kafin su yi shi, shi ya sa sukan daidaita kansu bayan an kunna. FAT32 da ke kan filashi da yawa ba shi da wannan gatan.

Don haka nakan fara da tambaya, ba da gyara ba. Filashin na nuna a cike yake amma ba a ganin komai? Sau da yawa bairos ɗin shagunan buga takardu ne ya ɓoye fayilolin, umarnin attrib zai fito da su. Windows na cewa sai an yi fomat? Ɗan'uwa, kar ka yarda. Laftof na ƙara ƙas-ƙas daga ciki? Kashe ta, wannan ciwon ƙarfe ne, manhaja ba ta maganinsa.

Wata 'yar ajinmu ta kai nata wani shago. Mai shagon ya yi masa fomat, ya kuma zuba mata finafinai kyauta don ya sanyaya mata rai. Fomat ɗin kaɗai da mun ceto abu mai yawa. Finafinan ne suka hau kan babinta na huɗu, sai da ta sake rubuta shi a kwana tara. Sauri ya haifi nawa.

Ka'idata ita ce kada a ƙara ajiye komai a kai. A kwafe ma'ajiyar ɗungurungum zuwa wani wuri, a yi aiki a kan kwafin. Ko chkdsk ban yarda a fara da shi ba, domin tsarin yake gyarawa, aikinka kuwa yana iya zuba shi gutsi-gutsi cikin FOUND.000. TestDisk da PhotoRec kyauta ne, sai dai PhotoRec kan dawo da fayiloli babu sunayensu, sai ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Masu sabbin laftof mai SSD kuma su sani, abin da aka goge a can yawanci ya tafi ke nan. Yau da dare, ka tura wa kanka babin da ka rubuta ta imel.