Dariyar da ta ɓace a kan hanya

Yau hirarmu a kan wani tsohon fim ne na Indiya, mai ban dariya. Sunansa Munna Bhai M.B.B.S. Ya fito a watan Disamba na shekarar 2003. Ni na kalle shi sau uku, a wuri uku. Labarin ɗaya ne, amma abin da idona ya gani ba ɗaya ba ne. Dalilin haka nake so in bayyana maka, don kada kuɗinka su tafi a banza.

Bari mu fara da labarin. Munna uban daba ne a birnin Mumbai, wanda dā ake kira Bombay. Yana da yara masu yi masa aiki. Su kama mutum, su tsorata shi, su karɓi kuɗi da ƙarfi. Irin wannan ƙungiya ita ake ce wa mafiya. Kalmar ta fito daga tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Sanjay Dutt ne ya fito a matsayin Munna. Masu kallo a Kano sun daɗe da raɗa masa suna Ɗan Daba Mai Lasin.

Iyayen Munna mutanen ƙauye ne, masu mutunci. Ya yi musu ƙarya cewa shi likita ne. Duk lokacin da za su zo birni, sai ya mai da gidansa asibiti. Yaransa su sa fararen riguna, wasu su kwanta kamar marasa lafiya. Nan ne dariya take. Wata rana asiri ya tonu. Wani babban likita mai suna Asthana ya tozarta tsohon a gaban mutane. Uban ya koma ƙauye da baƙin ciki. Munna ya yi rantsuwa sai ya zama likita. Ya shiga makarantar likitoci ta hanyar maguɗi. Bai iya karatun ba, amma ya iya abu guda: yana ɗaukar mara lafiya mutum ne. Ya rungumi mai sharar asibiti da ba wanda ke gaishe shi, ya yi masa godiya. A ƙarshe bai zama likita ba, amma ya bar daba, iyayensa suka yafe masa.

Ka ga fim ɗin ba na duka ba ne. Na kunya ne da tausayi. Kuma wanda ya fito a matsayin uban, Sunil Dutt, shi ne mahaifin Sanjay na gaskiya. Ya rasu a 2005, wannan ne fim ɗinsa na ƙarshe. Don haka idan suka kalli juna, akwai abin gani a fuskokinsu. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Kallona na farko a wani gidan kallo ne a Magarya, a kaset. Hoton ya yi hazo kamar safiyar hunturu. Kala ta zuba, ja ya shiga cikin kore. Inji yana ƙara a waje, murya tana shaƙewa a ciki. Muna ganin naushi da gudu, amma fuska ba ta fita. Da aka zo inda aka tozarta tsohon, samari suka fashe da dariya. Ba mugunta ba ce. Ba su ga hawayen ba, sun zaci wasan ne yake ci gaba. Da aka tashi, abin da yara suka ɗauka shi ne tafiyar Munna da yadda yake ɗaga kafaɗa.

Kallo na biyu a nan Dantchiao ne, a faifai mai kyau da wani ƙanena ya kawo daga Kano. Wannan karon da aka zo wurin, tsakar gida ta yi tsit. Kowa ya ga idon tsohon. Wata gwaggona ta ce, “Wannan yaro ya kashe ubansa da rai.” Ba ta jin Indiyanci, fuska ce ta gaya mata.

Na uku a waya ne, daga wurin mai tura fim a kasuwa. Na biya dala ashirin. Fuskokin sun koma ƙananan murabba'ai kamar zanen tabarma. Magana tana riga baki. Abokin Munna, wanda ake kira Circuit, rabin jikinsa ya fita daga hoton.

Me ya kawo wannan bambanci? Dalilai huɗu ne.

Na farko, kwafi. A zamanin kaset, finafinan Indiya sukan biyo ta Dubai su sauka Kano. A kasuwar Ƙofar Wambai ake juya su cikin kaset masu yawa. Daga nan ƴan kasuwa su rarraba su, har su ƙetaro iyaka zuwa Magarya da Dungas da Damagaram. A hanya wani ya sake kwafa daga kwafi. Kaset kamar shayi yake. Na farko da ƙarfi, na biyu dama-dama, na uku kusan ruwan zafi ne. Mu da ke ƙarshen hanya, na uku ne yake iso mu.

Na biyu, satar hoto. Wani yakan shiga gidan silima da kamara a ɓoye, ya ɗauki fim daga jikin allo. Za ka gane irin wannan da sauƙi. Hoton yana karkacewa. Kan mutum yana giftawa. Kana jin tari da dariyar waɗanda ba sa cikin fim.

Na uku, matsi. Fim ɗin Munna ya wuce awa 2 da rabi. Faifan VCD ɗaya ba ya ɗaukar fiye da minti 80, don haka sai faifai 2 ko 3. Faifan DVD yana ɗaukar mega 4700, ya ishi fim ɗaya ya zauna a sake. Amma mai son riba sai ya cusa fim 10 a faifai ɗaya. Ka san yadda mota take ranar Alhamis idan za a kasuwar Maigatari: kowa ya shiga, amma ba wanda ya zauna daidai. Haka fim yake idan an matse shi. Abin da ya fara lalacewa shi ne ƙananan abubuwa, ido da baki da hawaye. Wanda ke cikin wayata mega 190 ne kawai. Ka lura da wannan: tura fim daga waya zuwa waya ba ya rage masa kyau kamar kaset. Ɓarnar tana faruwa tun wurin wanda ya matse shi.

Na huɗu, yanka. Allon silima mai faɗi ne, tsohuwar talabijin kuwa kusan murabba'i ce. Don hoto ya cika ta, sai a yanke gefe da gefe. A fim ɗin dariya wannan asara ce. Sau da yawa mai ba da dariya yana gefe, yana kallon mai magana.

To, yaya za ka yi? Ba a cinikin biri a sama. Kafin ka biya, ka ce a kunna maka. Kada ka tsaya a farko, ka ce a kai tsakiya da ƙarshe, don wani fim ɗin ba ya ƙarasawa. Ka nemi wurin da aka nuna fuska kusa. In ka ga ƙwayar ido sarai, hoton yana da kyau. Ka saurari magana, ka dubi baki, ka ga ko tare suke tafiya. In mai fassarar Hausa ne, irin wadda ake yi a Kano, ka ji ko muryar mai fassara ba ta danne komai ba. Ka karanta bayan kwalin faifai, ka ƙirga finafinan da ke ciki. A waya kuma ka duba lambar mega da ke kusa da sunan fim. In dogon fim ne lambar kuma ƙarama ce, ka san an matse shi. Araha ba ta ado.

Wannan magana ta shafi namu finafinan ma. Turmin Danya, wanda ake ƙirgawa farkon fim ɗin Hausa na bidiyo, an yi shi a Kano a 1990, a kaset. Rabilu Musa Ɗan Ibro ya rasu a watan Disamba na 2014. Shi ma rabin dariyarsa a fuska take. Finafinansa na farko a kaset suka fito, kaset kuwa zafi da ƙura da laima suna cinye shi. In kana da tsohon kaset ko faifai mai kyau, kada ka bar shi a rana ko a hannun yara. Ka sa shi a kwalinsa, ka ajiye a inuwa. Wataƙila naka ya fi wanda ke yawo a wayoyi kyau.

Abin da ya fi damuna ba dala ashirin ba ce. Mummunan kwafi yana barin naushi, ya share fuska. Yaro ya ga ɗan daba yana cin kasuwarsa, bai ga uban da ya sunkuyar da kai ba. In za ka tara iyalinka kallo, ka nemo wanda fuska take fita. In ba ka samu ba, ka zauna tare da su, ka gaya musu abin da hazo ya rufe.