Tsakanin Giwa da Albashi

Ranar da na gaya wa mahaifina cewa ilmin namun daji zan karanta, muna zaune ne a zaurenmu na Mandawari. Ya dube ni ya ce, "Mu dai allo muka gada, ba baka da kibiya ba."

Da na gama karatu sai hanya ta rabu biyu. Ta farko aikin gandun daji, irin na Yankari da aka keɓe a 1956: ƙidayar giwaye, bin sawun mafarauta, kwana cikin sauro, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Ta biyu kuwa ta samu ne bayan gubar da aka jibge a Koko a 1988, domin dokar 1992 ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Kamfanoni na neman masu rubuta wannan rahoto, suna kuma biya da tsoka.

To, ƙannena huɗu suna makaranta, Baba kuma ƙarfi ya ƙare. Na bi ta biyu. Yanzu dagwalon masana'antun jima nake aunawa a Sharaɗa da Challawa, gida kuwa tukunya ba ta kwana a kife.

Amma fa duk rani nakan je Yankari. In na ga ma'aikacin daji da yagaggen takalmi yana gadin giwayen da na karanta dominsu, sai in sunkuyar da kai. 'Yan'uwa ɗalibai, ku auna nauyin gidanku tun kafin ku isa wannan mararraba.