Kalmomin Sujada a Wata Sabuwar Majami'a a Damagaram

Kalmar sujada a bakin Bahaushe Musulmi tana nufin ɗora goshi a ƙasa cikin salla. A bakin Bahaushe Kirista kuwa, ta ƙunshi taron ibadar Lahadi baki ɗayansa, tun daga waƙar buɗewa har zuwa sa albarka, ko da babu goshin da ya taɓa ƙasa. Na daɗe da sanin wannan a takarda, kasancewata Musulmi mai koyar da ilimin ma'ana, amma gani ya kori ji ranar da wani abokin aikina ya gayyace ni sabuwar majami'arsu a Damagaram.

Sabuntar ginin tana da tarihi mai ɗaci. A watan Janairun 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe zuwa tarzoma, aka ƙona coci-coci da dama a Damagaram da Yamai, aka kuma yi asarar rayuka. Tsohon ɗakin ibadar waɗannan bayin Allah yana cikin waɗanda wuta ta ci. Da na yaba sabon ginin, wani dattijo ya ce da ni: "Malam, majami'a ce ta ƙone, ikilisiya tana nan." A wurinsu majami'a ita ce bango da rufi, ikilisiya kuwa jama'ar masu bi.

Maza suka zauna gefe guda, mata gefe guda. Ƴan zumuntar mata, sanye da atamfa iri ɗaya, suka rera waƙa da kiɗan tulu da caki, ɗaya tana bayarwa saura suna amshi, salon da duk wanda ya girma a karkarar Hausa ya sani. Daga nan aka yi karatu daga Littafi Mai Tsarki, fasto ya yi wa'azi, aka karɓi baiko. Duk wannan da Hausa tsantsa, wadda tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba take bi tana gyaɗa kai.

Abin da ya fi riƙe hankalina shi ne yawan kalmomin da muka yi tarayya a kansu: Allah, Ubangiji, addu'a, tuba, gafara, zunubi, mala'ika, annabi. Sai dai kowace kalma tana ɗauke da kayan gidan da ta kwana. Zakka a wurinmu ɗaya ce cikin arba'in na dukiyar da ta kai nisabi ta kuma shekara, a wurinsu ɗaya ce cikin goma na abin da mutum ya samu. Alheri, wanda a kasuwa kyauta ce ko kirki, a bakin fasto ya zama tagomashin Allah da ba a samu da cancanta. Ceto a kunnena roƙon da Annabi zai yi wa al'umma ranar alƙiyama ne, a nasu kunnen kuwa kuɓuta ce daga zunubi ta wurin mutuwar Yesu Almasihu. Da aka ambaci Ɗan Allah, nan hanya ta rabu sarai, kuma babu dabarar fassara da za ta haɗe ta. Faɗin haka a fili ya fi mutunta ɓangarorin biyu.

Wannan Hausa ta coci ba jiya ta fara ba. Mishan ɗin SIM ta zauna a Damagaram tun 1924, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932 bayan doguwar hidimar Dakta Walter Miller da abokan aikinsa, ƙamusun Bargery na 1934 da muke tinƙaho da shi ma aikin ɗan mishan ne. Duk da haka, da wuya ka ga ɗalibinmu ya ɗauki wannan karin magana ya nazarta, sai ka ce ba a ƙasar Hausa ake yin sa ba.

Ina ganin wannan giɓi ya wuce na ilimi kawai. Maƙwabcin da ba ka taɓa jin yadda yake roƙon Allah da harshen mahaifiyarka ba, da sauƙi a ce maka baƙo ne ka yarda. Saboda haka na sa wa ɗalibaina aikin wannan zango: kowa ya zaɓi kalmomi goma da masallaci da majami'a suke amfani da su, ya tambayi ma'anarsu daga bakin masu ita, ya rubuta yadda aka faɗa masa ba ƙari ba ragi.