Nauyin Ƙunshi Ɗaya



Mahaifina majemi ne. Kalma uku ce kacal, amma sai da na haura shekara talatin kafin na iya rubuta ta a inda mutane za su gani. A makaranta idan aka tambayi sana'ar Baba sai in ce ɗan kasuwa ne. Ba ƙarya na yi ba, domin yana sayar da fata, amma na san abin da nake ɓoyewa: warin majema da ke bin rigarsa har cikin ɗaki, da hannuwansa da bagaruwa ta rine. Da na fara rubuta labarai ma, taurarina duk 'ya'yan masu hali ne, masu ƙamshin turare da manyan motoci. Ko a ƙaramin yanki ban taɓa saka majemi ba. Abin da ya sa nake wannan magana yau shi ne wata tafiya da na yi bara, zuwa wani wuri mai nisan gaske da Kano.

Karatu ne ya kai ni jihar Minesota ta Amurka. A watan Yuli wani abokin karatuna ya ce mu je arewacin jihar mu sha iska. Daga birnin Duluth muka hau hanya mai lamba 61, tafkin Superior yana hannunmu na dama, muka yi tafiyar kusan awa uku. Suna ne kawai tafki, amma in ka tsaya a bakinsa ba ka hango ɗaya gaɓar. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 82,000, wato jihar Kano sau huɗu, kuma ruwan daɗi ne, babu gishiri. Na tsoma ƙafa a wani wuri da muka tsaya, ban san lokacin da na janye ta ba. Ana tsakiyar zafi, amma ruwan kamar an narkar da ƙanƙara.

Daf da iyakar Kanada muka isa Grand Portage. Ƙabilar Ojibwe, waɗanda ƙasarsu ce, suna kiran wurin Gichi-onigaming, ma'ana babban wurin ɗaukar kaya, Faransawa kuma fassara sunan kawai suka yi. Dalilin sunan shi ne kogin Pigeon, wanda ta cikinsa ake shiga dazukan arewa maso yamma. Kafin ya faɗa tafki yana gangarowa ta kan duwatsu da ƙarfin da kwale-kwale ba zai iya bi ba. Tun kafin zuwan Turawa 'yan ƙasa suka fitar da hanyar ƙafa mai mil 8 da rabi, kusan kilomita 14, wadda ta kewaye wannan wuri mai haɗari. Duk abin da zai shiga, da duk abin da zai fito, sai an ɗora shi a bayan mutum.

Abin da ke fitowa kuwa fata ce, musamman ta wata dabbar ruwa da ake kira biba. Ta fi gafiya girma nesa ba kusa ba, tana da faffaɗan wutsiya, tana sare itatuwa da haƙoranta ta datse rafi ta gina gidanta a ciki. Gashinta na ƙasa mai laushi shi ake sarrafawa a yi dogayen hulunan da manyan Turai ke ƙawa da su. Saboda wannan hula Kamfanin North West na birnin Montreal ya mayar da Grand Portage babban zangonsa a ƙarshen ƙarni na 18. Kowace shekara a watan Yuli ayari biyu ke haɗuwa a nan. Na farko ya taso daga Montreal cikin manyan kwale-kwale masu tsawon ƙafa 36, ɗauke da barguna, tukwane, wuƙaƙe, bindigogi, taba da giya. Na biyu ya sauko daga can cikin daji, inda ya kwashe hunturu yana tara fatu. Su yi musayar kaya, kowa ya juya kafin ruwa ya daskare.

Ginin da muka gani ba na asali ba ne, sake gina shi aka yi a kan tsohon gurbinsa. Akwai shinge na dogayen gumagumai, a ciki akwai babban zauren da masu hannun jari da akawunsu ke cin abinci, ga dogon tebur, ga tangaran, ga ɗakin girki a baya. Masu tuƙin kwale-kwalen, waɗanda su ne kuma 'yan dakon, a wajen shinge suke kwana, wasu a ƙarƙashin kwale-kwalensu da suka kifa. Yawancinsu talakawan Faransawan Kanada ne da ba su iya karatu ba.

A ma'ajiyar kaya wani ma'aikacin wurin, sanye da tufafin zamanin, ya nuna mana ƙunshin fata irin wanda ake ɗaurewa. Nauyin kowane ɗaya fam 90 ne, kimanin kilo 41. Ɗan dako yakan ɗauki biyu a tashi guda: na farko a rataye da maɗaurin fata da ya zagayo ta goshinsa, na biyu a ɗora a kai. Ya duƙa, ya yi ta sassarfa, ya huta bayan kowane ɗan taƙi, ya sake ɗauka. Da yawa cikinsu ƙaba ce ta yi ajalinsu. Ma'aikacin ya ce in gwada ɗaya. Na sa maɗaurin a goshi, na miƙe da ƙyar, na yi taku bai fi goma ba na ji wuyana zai tsinke. Abokina yana ta dariya yana ɗaukar hoto, ni ma na yi dariyar.

Dariyar ta tsaya ne da muka zo inda aka shimfiɗa fatu don baƙi su taɓa. Na ɗauki ɗaya na juya cikinta, sai na ga sawun kankara, inda aka bi da wuƙa aka cire nama da kitse ba tare da an huda fatar ba. Na kai ta hanci ba da niyya ba. Warin bai kai na gidanmu ba, amma danginsa ne. A take na ga Baba a duƙe, ya ɗora fatar akuya a kan gungume, yana bin ta da wuƙa mai ƙota biyu. Na tuna yadda yake cewa aikin duka yana wajen kankara, huda ɗaya ta rage kuɗin fata. Ina da wannan ilimi a kaina ashe, ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

Kusa da shingen an kafa irin bukkokin Ojibwe na ɓawon itace. A nan na fahimci cewa ba don su ba, da cinikin bai yi ko shekara ɗaya ba. Kwale-kwalen kansa fasaharsu ce: ɓawon wata bishiya mai farin jiki da ake kira bach, a ɗinke shi da saiwar itace, a toshe ɗinkin da ƙaro. Ba ƙusa ko ɗaya, ga shi mara nauyi har mutane su ɗaga shi a kafaɗa. Su ke farauto dabbar, matansu ke feɗewa da kankarewa da shanyawa. Su ke kawo shinkafar daji da suke kira manoomin, da sukarin da suke dafawa daga ruwan itace, da kifi. Abin da ya burge ni shi ne jikokinsu suna nan, ba su zama labari ba. Wurin yana cikin keɓaɓɓiyar ƙasarsu, su suka ba da filin da aka kafa wannan gidan tarihi a 1958, kuma tare da su hukumar gandun ƙasa ke gudanar da shi.

Da rana muka shiga tsohuwar hanyar 'yan dako. Daji ne mai duhu da laima, ƙasa da taushi, saiwoyi sun ratsa hanya, sauro kuwa ko na damina a fadama bai kama ƙafarsa ba. Hannunmu babu komai sai gorar ruwa, amma ba mu yi cikakkiyar awa ba muka juyo. Daga nan muka hau wani tudu da ake kira Mount Rose a bayan shingen. Daga sama zangon duka ya koma ɗan ƙaramin abu tsakanin daji da ruwa. Da yamma muka ƙarasa kogin Pigeon muka ga inda ruwa ke zubowa daga tsayin ƙafa 120, mafi tsayi a jihar. Tun daga nesa ake jin rugugi, feshi yana jiƙa fuska, ɗaya gaɓar kuma Kanada ce. Da na gan shi ban sake tambayar dalilin da ya sa mutane suka zaɓi ɗaukar kaya a baya ba.

Wannan iyaka ita ta kashe zangon. Da ya tabbata wurin ya faɗa ɓangaren Amurka, kamfanin ya kwashe ya koma Fort William a 1803. A 1821 ya narke cikin abokin hamayyarsa, Kamfanin Hudson's Bay. Daga baya Turai ta koma yayin hular siliki. Biba, wadda aka kusa ƙarar da ita a wurare da dama, ta sake yaɗuwa a hankali. A gefen wani rafi na ga kututturen da ta sare, bakinsa a fiƙe kamar fensir.

A hanyar komawa ban yi magana sosai ba. Ina tunanin jar fatar akuya ta Sakkwato da Maraɗi, wadda majeman Kano da Sakkwato ke jemewa da bagaruwa su rina da karan dafi, fatake su ratsa Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka. Da ta isa Turai sai aka sa mata suna fatar Maroko, aka riƙa yi wa littattafai masu daraja bango da ita. Littafi yana ɗauke da sunan marubuci da na maɗaba'a, amma ba ya ɗauke da sunan wanda ya jeme bangonsa. Turawa suna da uzuri, ba su san shi ba. Ni a gidansa na tashi, da kuɗin fatarsa aka saya mini littafin rubutu na farko, kuma ni ma ban rubuta shi ba.

Washegari da hantsi na kira gida, a Kano la'asar ta yi. Ni ne ɗan fari, don haka Baba ba ya kiran sunana. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, wai kwana nawa fata ke yi a ruwan toka kafin gashi ya saki?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai kuma lafiya? Ko can ma jima za ka fara?"

Na ce rubutawa nake so in yi. Ya sake yin shiru. Sai ya ce, "To, ɗauko alƙalami. Amma ba daga toka ake farawa ba, daga wajen mahauci ake farawa, don in ya ɓata fiɗa babu abin da majemi zai iya."

Mun fi awa ɗaya a waya. Ya ba ni labarin wanda ya koya masa, da yadda ake gane fatar akuyar da ta sha wahala, da dalilin da ya sa ake jiƙa ta da kashin tattabara, da shekarar da fatun da ya tara suka ruɓe a damina ya kusa barin sana'ar. A wannan shekarar aka sa ni a sakandare, ban taɓa sani ba. Yanzu duk Juma'a muna yin haka, na cika littafi ɗaya na shiga na biyu.

Labarin da nake rubutawa yanzu tauraronsa majemi ne. Babi uku na yi, kuma babin farko sau huɗu ina sake shi, saboda duk lokacin da na karanta wa Baba sai ya ce, "A'a, ba haka ake riƙe wuƙar ba." Idan a gidanku akwai maƙeri, ko marini, ko mai dakau, ko ɗan dako, kuma yana raye, ku kira shi a makon nan da alƙalami a hannu. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, waɗanda suka riga mu kuma Allah ya jiƙansu.