Zoben da ke ƙarƙashin masai

A yi mini afuwa, yau maganar banɗaki zan yi.

Duk wanda ya yi zaman haya a Agege ya san ɗakunan nan na ƙasa waɗanda titi ya fi su tudu, saboda cikon da ake ta yi shekara da shekaru. A irinsu nake da iyalina. Da ruwan Yuni ya kankama sai danshi ya fara fitowa a gindin masanmu, irin na zama, ga wari, in ka zauna kuma ka ji yana rawa. Uwargida ta ce, "Malam, wannan fa ba ruwan sama ba ne, kuma yara suna takawa su hau darduma." To, magana ta zama ta tsarki ke nan, ba ta jira.

Baba mai gidan, dattijon Bayarabe ne mai kirki, amma sai ya ce a zagaye gindin da farin siminti, shi ke nan. Haka ake yi a yawancin gidajen haya. Ni dai a ganina rufa-rufa ce, domin ruwan zai ci gaba da bin ƙarƙashin tayil, ya ɓullo inda ya ga dama. Na ce, "Baba, a bari mai gyara ya ɗaga mu gani."

Da aka ɗaga sai ga abin a fili. Akwai wani zoben ƙarfe da aka dasa cikin kankare, shi ke riƙe da bakin bututun nan mai inci 4 da ke tafiya sokawe, a jikinsa kuma ake ɗaure masan da noti biyu. Tsatsa ta cinye shi, gefe guda ma ya gutsure. Noti ba shi da abin kamawa, sai masai ya yi ta motsi, motsin ya saki abin da ke toshe mahaɗar.

Aikin ya fi yadda nake zato. Yaron ya fara cusa tsumma a bakin bututu, don wari da kuma kada ɓaraguzai su faɗa su toshe hanya. Sannan ya bi da guduma da kurfi yana sarar kankare a hankali, domin in bututun ya tsage ta ƙasa, sai an fasa rabin banɗakin. Ya sa sabon zobe na roba, ya yi ta aunawa har leɓensa ya kwanta daidai a kan tayil. Ya ce, "Baba, in ya nutse zai yi yoyo, in ya yi tudu masai zai yi rawa." Da simintin ya kama ya huda kankaren ya ɗaure zoben.

Kwana 3 muna zagawa banɗakin maƙwabcinmu, wani Bakano mai goro, Allah Ya saka masa da alheri. Kuɗin kuwa ni na biya, bisa sharaɗin a cire daga hayar baɗi. Na roƙi Baba ya rubuta a bayan rasit, ya yi dariya ya ce ban yarda da shi ba, amma ya sa hannu. Takardar na nan cikin akwati.