Mai ƙwanƙwasa da asuba

A watan Fabrairu na 2012, lokacin da sanyi ya matsa wa Faransa lamba har ruwan kududdufai ya daskare, ina birnin Bezanson wajen ƙarin ilimin malanta. Na kama ɗaki a saman bene, a wani tsohon gida na wata dattijuwa da mijinta ya rasu. Ni da iyakar sanyin da na sani shi ne hunturun Maraɗi, wanda kaskon wuta da bargo ke magancewa, sai ga ni a gidan da ake ɗumama shi da ruwa. Akwai tukunya a ƙarƙashin gida, suna ce mata shodiyar. Gas ke tafasa ta, wani ƙaramin inji yana tura ruwan zafi cikin bututun tagulla zuwa radiyato na kowane ɗaki, ruwan ya huce ya koma.

Kullum wajen ƙarfe shida na asuba sai a ji ƙwanƙwasa: ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga guduma a ƙarƙashin daɓe. Daidai lokacin kuwa nake tashi alwala. Ba a yi mako ba maƙwabcin da ke ƙasa da ni ya kai ƙara.

"Mushe," in ji dattijuwar, tana kallon tsani maimakon fuskata, "ban hana ka ibadarka ba, amma mutane suna barci."

"Madam, wallahi ba ni ba ne," na ce. Ta yi shiru irin na wanda bai yarda ba. Na san idan aka sallame ni a tsakiyar wannan sanyi, da ɗan kuɗin bursa da ke hannuna, ba ni da wurin zuwa. Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne a ce sallata ce ke damun jama'a.

Sai na ɗauko kaye, na yi abin da nake sa ɗalibaina su yi: rubuta abin da ka ji, da lokacin da ka ji shi. A nan na gane cewa ƙarar ba ɗaya ba ce. Akwai wani gurgur kamar kukan ciki, kuma saman radiyatona sanyi ƙalau alhali ƙasansa da zafi. Wannan iska ce ta maƙale. Na ari ɗan makullin da ake kwance kusar gefe da shi, iska ta fita da huci, baƙin ruwa ya biyo, na ɗaure. Gurgur ya tafi, guduma na nan.

Na nemi izini na sauka wurin tukunyar. Allurar matsin ruwa tana kan bar 1,5, yadda ake so. Na kasa kunne ko zan ji tana ruri kamar butar shayi, domin ruwan yankin Jura yana da farar ƙasa, kuma idan ta yi ɓawo a cikin tukunya ruwa kan tafasa a ƙarƙashinsa ya riƙa fashewa. Lafiya lau take. Amma a jikin bango na ga agogon da ke kunna ta: ƙarfe shida saura kwata.

Nan take na tuna rufin kwanon gidanmu. Duk wanda ya girma a ƙarƙashin kwano ya san yadda yake ƙas-ƙas idan rana ta take, ya sake yi da magariba. Ƙarfe ne ke miƙewa da zafi. Bututun tagulla mai tsawon mita 10, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 50, yakan ƙara kusan milimita 8 da rabi. Kaɗan ne, amma idan katako ya shaƙe shi ba zai zame a hankali ba. Sai ya tirje, ya fizge, ya sake tirjewa.

Na roƙi dattijuwar ta mai da agogon zuwa ƙarfe bakwai, na kwana ɗaya tak. Washegari na yi alwala, na yi sallata, gida tsit. Bakwai da ƴan mintoci, ina zaune a kicin ɗinta da kofin kafe a hannu, guduma ta soma a samanmu. Ta dubi silin, ta dube ni.

Mai gyara ya zo ran Alhamis, ya ɗaga katako ɗaya a gindin gadona. Ga bututun nan ya goge gefen ramin har ya yi sheƙi. Ya faɗaɗa ramin, ya naɗa masa tsumma mai kauri. Maƙwabcin bai ce mini komi ba, har na bar gidan a watan Yuni.