Wayar Jika Goma Sha Biyu

Alhamis

Da hantsi mai kare ɗan yayata a kotu ya kira ni: an sa shari'arsa ranar Laraba mai zuwa. Wata 14 ke nan yana gidan kaso. Da na faɗa wa Yaya, ta jingine tsintsiyar da ke hannunta ta ce, "Allah ya sa mu ji alheri." Ba ta ƙara ba.

Bari in rubuta maganar yadda take tun yau, kada son kai ya gyara mini ita daga baya. Wani ɗan kasuwa ya sayar da tattasai a Diffa, yana komawa ƙauyensu da almuru, mutum uku suka tare shi a hanyar yashi tsakanin kwalta da bakin kogin Komadugu. Sun naɗe fuska da rawani, ɗaya na riƙe da bindiga. Suka ƙwace kuɗi da waya, suka fasa masa kai. Bayan sati uku aka ga wayar a hannun yaronmu. Ya ce a kasuwa ya saye ta jika 12, wajen wani da bai san sunansa ba. Tuhumar da aka yi masa ita ce fashi da makami.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci na zauna da mai kare shi. Lauyoyin ƙasar nan yawancinsu a Yamai suke, Yamai kuwa ta fi kilomita 1,300 daga nan, kuma kuɗin kawo guda ɗaya ya fi ƙarfin gidanmu. Hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa don agaza wa marasa hali a gaban shari'a, ita ta nuna mana hanya, aka naɗa masa mai kariya kamar yadda doka ta tanada a manyan laifuka. Dattijo ne, tsohon malamin makaranta, ya karanta takardun shafi bayan shafi.

Ya ce mini, "Malam, waya ta nuna waya ce kawai. Ba ta nuna wanda ya tsaya a hanya da bindiga ba. Amma alƙali zai tambaya: ina yaron yake a wannan almurun? Idan babu mai amsawa sai shi kaɗai, muna cikin wahala."

Ya kuma ce mu gode wa Allah da takardar tuhumar ta tsaya a kan fashi. Na gane nufinsa. Tun harin 6 ga Fabrairu 2015 a Bosso da Diffa, da dokar ta-ɓacin da ta biyo baya, duk inda aka ambaci bindiga da bakin kogi, tunanin mutane kan tafi wani wuri. Waɗanda aka tuhuma da ta'addanci Yamai aka riƙa kai su, aka tsare su a Kollo da Kutukale, nesa da iyaye da shaidu. Sai a watan Yuli na 2018 alƙalan waɗannan shari'o'i suka zo suka yi zama a nan Diffa. Namu yaron aƙalla uwarsa na iya kai masa tuwo.

Asabar

Na shiga motar gabas neman shaida. Dattijon da yaron ke yi wa aikin ban-ruwa ya bar bakin kogi, yanzu yana cikin rumfunan da suka jeru a gefen kwalta wajen Gueskerou. Wanda bai san yankin nan ba ba zai gane wuyar neman mutum guda ba. Ƙauyukan da muka sani da sunayensu sun watse, an hana babur, an daɗe da hana cinikin tattasai kafin a sake shi a 2017, mutane sun yi ƙaura sau biyu, sau uku. Wanda zai ce "na gan shi" yana iya kasancewa a Sayam Forage, ko N'Guigmi, ko ya haye Damasak. Ina ganin akwai samari a tsare yau da ba hujja suka rasa ba, mai faɗarta ne ya yi nisa.

Na same shi bayan la'asar. Da ya ji kalmar kotu sai ya kau da kai.

"Ɗana, wanda ya shiga wurin nan da ƙafarsa, yana fitowa?"

"Baba, shaida kawai za ka ba da. Abin da ka gani."

"Yaushe ma abin ya faru?"

Nan gabana ya faɗi, don ta yaya tsoho zai tuna yammaci ɗaya cikin wata 15? Na faɗi ranar, bai gane ta ba. Surukarsa ce daga bayan zana ta ce a dakata. Ta fito da katin asibiti na ɗanta, muka duba ranar haihuwa, muka ƙirga kwana bakwai. Ranar fashin ita ce ranar sunan jikansa. Dattijon ya gyara zama ya ce, "Ai shi ya feɗe ragon. Shi ya tsaya kan suyar nama har bayan isha." Na rufe fuska da hannu, na daɗe ban ɗago ba.

Lahadi

Ziyara a gidan kaso. Yaron ya rame, amma idonsa garau. Na ce masa ranar Laraba kada ya ƙara kada ya rage, ko da gaskiyar ba ta yi masa daɗi ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, da na kunna wayar na ga hotunan wasu yara a ciki. Na share su." Wannan bai taɓa faɗa mini ba.

Litinin

Yaya ta so a tura dattawa wajen ɗan kasuwar su ba shi haƙuri, yadda aka saba. Mai kariya ya hana. Ya ce ko mutumin ya yafe, ƙarar fashi ta hukuma ce, mai gabatar da ƙara ba zai janye ba, kuma ana iya ɗaukar zuwan namu a matsayin matsa wa shaida. Yaya ta ji zafi, ta ce yaushe gaisuwa ta zama laifi. Na fahimce ta, amma na bi maganarsa.

Na faɗa wa mai kariya zancen hotunan. Ya ce yaron ya faɗe shi da bakinsa tun kafin a tono.

Talata

Ranar kasuwa. Buhunan tattasai jibge, ƙaurinsa na sa atishawa tun daga nesa. Na ga samari na miƙa wa juna wayoyi hannu da hannu, babu takarda, babu shaida, kamar yadda namu ya yi. Dattijon ya iso da azahar, katin jikansa a naɗe cikin leda a aljihun gaba. A ɗakina ya kwana.

Laraba

Ɗakin shari'a ya cika tun ƙarfe takwas. Ta uku ce tamu. Shugaban zaman ya karanta tuhuma da Faransanci, tafinta ya mayar da Hausa, kuma shi alƙalin da kansa ya yi ta yi wa yaron tambayoyi kusan awa guda. Wa ya sayar maka? Me ya sa jika 12, alhali ka san kuɗin irinta? Da aka zo kan hotuna, yaron ya ce, "Na gani, ranka ya daɗe, na yi zargin ta sata ce, kwaɗayi ya hana ni mayarwa." Yaya ta damƙe hannuna.

Sai aka kira ɗan kasuwar. Tabon na nan a gefen goshinsa. Kuɗin da aka ƙwace na noman shekara ne, har da na mutanen da suka ba shi amanar buhunansu, kuma har yau yana biyan bashi. Wata 14 na yi ina kallonsa a matsayin wanda ya jawo mana masifa, yau na ji kunyar hakan. Alƙali ya ce ya dubi wanda ake tuhuma. Ya dube shi da kyau, ya ce, "Wayata ce, wannan na rantse. Amma fuska ban gani ba. Ba zan ɗora wa ɗan wani abin da idona bai gani ba." Da ya ce "shi ne", babu mai iya ƙaryata shi a ɗakin nan.

Dattijon ya yi magana da Barbarci, aka fassara. Muryarsa na rawa da farko, da aka zo kan rago sai ta daidaita. Mai gabatar da ƙara ya matsa masa: ba zai yiwu yaron ya sulale ya dawo ba? Ya ce tsakanin gidan suna da wurin tafiyar rabin yini ce a ƙasa, babur kuwa babu. Aka miƙa katin, alƙalai suka duba ranar.

Mai kariya bai yi doguwar magana ba. Ya ce ba a samu bindiga ba, ba a samu kuɗi ba, babu wanda ya gane fuska, ga shaida da takarda, kuma shakka tana amfanar wanda ake tuhuma. Bai ɓoye zancen wayar ba. Kalma ta ƙarshe ta yaron ce, ya juya wajen ɗan kasuwar ya roƙe shi gafara.

Bayan la'asar suka dawo da hukunci. An wanke shi daga fashi da makami. An same shi da laifin riƙe kayan sata, an yanke masa shekara ɗaya, wadda ya riga ya cinye har da ƙarin wata biyu. Hukuncin ya yi mini daidai.

Alhamis

Da hantsi aka sake shi. Yaya ta shafa kansa kamar jariri. Mutum ukun da suka tare hanya ba a kama su ba, ɗan kasuwar kuma wayarsa kaɗai aka mayar masa. Na raka dattijon tasha, na miƙa masa kuɗin mota ya ture hannuna, ya ce ba sayen shaida ya zo yi ba. Ya ce a turo masa yaron ranar Asabar, tsinkar tattasai ta kama kuma ba shi da hannu.